Kambun da Ba a Kawo Mini Ba

Ba zan ɓata bakina a kan labarin jirgin sama ba. Kowace tsohuwa da ta je Makka ta ba ku wannan har kun gaji. Ni daga inda aka sauke ni zan fara, birnin Landan, da zane biyu a jikina da takalmin roba a ƙafa, sanyi yana shiga ƙashina kamar ana tura basilla.

Abin da ya kai ni, a baki, wankan jego ne. Bilki, 'yar Alhajin da yake sayen fata ranar kasuwar Maigatari, ta haihu a can inda mijinta yake karatun likita, uwarta kuma ciwon ƙafa ya hana ta tafiya. Aka ce a nemo dattijuwa mai hankali, marar tsoro. Duk Gumel an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Ni ce Tabawa, 'yar dukawa, matar baduku. Ban taɓa zama a aji ba, amma tun ina 'yar ƙwailata nake riƙe basilla a gaban ubana, kuma har yau babu namijin da ya gyara mini ɗinki.

Abin da ya kai ni a zuci kuwa, ɗan farina ne. Ba na faɗin sunansa, ba kuma yau zan fara ba. Bahago muke ce masa, don da hagu yake komai. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa Sule Tankarkar, can ya girma. Tun daga nan ban taɓa zama kusa da shi ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Haka aka yi mana tarbiyya, uwa ba ta nuna ɗan fari. Shi ma Goggo yake ce mini, kamar 'ya'yan maƙwabta. Bayan babban farin nan da ya kashe shanu, lokacin da fatu suka yi tsibi a kasuwa har suna ruɓewa, gwamnati ta zaɓe shi ya je Ingila ya koyo jima irin ta zamani. Da kiɗa aka raka shi tasha. Shekarar farko muna jin labarinsa. Daga nan shiru.

To, ku saurara da kyau, don in ba ku gane wannan ba, ba za ku gane sauran ba. A gidanmu, namiji in zai yi tafiya mai nisa, ubansa yana ɗinka masa kambu a damtse. Baƙar fata ce, da ayoyi a naɗe a ciki, da ɗinkin gidanmu na jan zare da baƙi suna hawa juna kamar sawun ƙadangare a yashi. Ba shi da igiya, ba shi da maɓalli. A jikin mutum ake rufe ɗinkin. Ba ya fita sai da wuƙa, wuƙar kuwa ta mai wankan gawa ce. In mutum ya mutu a baƙon wuri, sai a yanke kambun a aiko wa uwarsa. Haka aka kawo wa kakata na ƙanen ubana daga Damagaram, a ƙunshe cikin tsumma. Ba wanda ya ce mata komai. Tana kwancewa ta yi salati.

Maigidana, Allah ya ji ƙansa, shi ya ɗinka na Bahago. Daminar da ya kwanta ciwon ajali, kullum sai ya tambaye ni, "An kawo?" In ce, "Ba a kawo ba, Malam." Ya ce, "To yana nan." A kan wannan maganar ya cika.

Ɗakin da Bilki take zaune a sama yake, ana hawa matakala har gwiwa ta yi ƙara. Ganyen darbejiyar da na ƙullo don wanka an karɓe shi tun a filin jirgi, wai kada in kawo musu cuta. Kanwa ce kawai ta tsira, don a ɗankwalina na ɗaure ta. Da tawul nake yi wa Bilki wanka a wani dogon baho, ruwan zafi yana fitowa daga bango ba wuta ba hayaƙi. Na dama mata kunun kanwa da garin da ba na gero ba, ta sha tana kuka, wai ya tuna mata gida. Ni ban yi kuka ba. Amma kullum in na leƙa taga, kafin la'asar ta yi gari ya rufe, ba kiran salla, ba kukan jaki, ba mai tallan nono, sai in ji kamar a rijiya aka ajiye mu aka manta da guga.

Mijin Bilki, da muke kira Dakta, mutumin kirki ne. Ya hau jirgin ƙasa ya je har garin da makarantar jimar take. Da ya dawo ya daɗe yana cire takalmi kafin ya yi magana.

"Iya, sun ce ya daɗe da barin wurin. Ya yi jinya lokacin sanyi, bai zauna jarrabawa ba. Ba wanda ya san inda ya nufa."

Na ce, "To." Na ci gaba da matsa cikin jaririya.

A shagon da muke sayen naman yanka na haɗu da Alhaji Tanko. Bahaushe ne da ya daɗe a can har harshensa ya lanƙwashe, babbar riga a ciki, kwat a sama, carbi a hannu ba ya hutawa. Da ya ji abin da nake nema sai ya dafe ƙirji.

"Wayyo, Iya. Dogo, baƙi, mai aikin fata? Ai na san shi kamar tafin hannuna. Amma bincike a ƙasar nan sai da gaisuwa, akwai waɗanda sai an ga idonsu."

Na zare mundayena na azurfa, waɗanda uwata ta sa mini ranar da aka kai ni ɗaki, na miƙa masa. Bayan 'yan kwanaki ya zo ya ɗauke ni. Muka shiga jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa, inda mutane suke zaune gwiwa da gwiwa ba mai gaida wani, kamar masu jiran hisabi. Muka fito, muka yi tafiya cikin yayyafi, sai ga mu a maƙabarta. Ya tsaya a kan wani sabon kabari da ba ko alama, ya ɗaga hannu yana jan Fatiha.

Na bari ya shafa Fatiharsa.

Na ce, "Alhaji, wa ya yi masa wanka?"

"Ni da hannuna, Iya. Ladan nake nema."

"Me ka tarar a damtsensa?"

Ya dube ni, ya dubi kabarin. "Babu komai. Fes ya tafi."

Na ce, "To Allah ya ji ƙan wanda ke kwance a nan. Ba nawa ba ne. Ina mundayena?"

Ya ce bari ya kewaya ya yi fitsari. Na bi bayan kwat ɗinsa da ido har ta shige tsakanin duwatsun kaburbura, ban sake ganinsa ba har yau. Wani tsohon Bature mai haƙa kabari ne ya same ni zaune a kan dakali, jikina sharkaf. Ya zuba mini shayi a murfin gorarsa, ya duba 'yar takardar gida da Bilki ta maƙala mini a zane, ya ajiye shebur ɗinsa ya raka ni har ƙofa. A hanya wani tunani ya riƙa cina: in kuma wani ya riga Tanko yanke kambun fa? In ya yanke bai san inda zai aika ba fa?

Da Bilki ta yi arba'in, lokacin komawata ya matso, ta ce mu fita in sayi tsaraba. Muka hau doguwar jar motar nan mai bene, jaririya a ƙirjinta. A wata tasha wasu matasa suka shigo.

Na ga 'yan tauri a Gagarawa suna goga wuƙa a ciki, na ga masu wasa da kura. Ban taɓa ganin irin waɗannan ba. Samari da 'yan mata, duk cikin baƙar fata. Gashin wani a tsaye kamar ƙayar bushiya, na wani kore shar, an aske gefe da gefe an bar zanko kamar na zakara. Riguna a yayyage, an haɗa da fil. Sarƙoƙi daga ƙugu zuwa gwiwa. Wani da abin wuyan kare a wuyansa, da ƙusoshi a jiki. Wani ya soke fil a kunci, wurin ya kumbura ya yi ja, na san wannan ba shi da maganin ƙarfe ko na anini. Duk motar ta yi tsit, tsofaffin Turawa suna kallon takalmansu.

"Iya, ki sauke idonki," in ji Bilki a hankali. "'Yan fank ake ce musu. Ado ne."

"Ado? Da reza a wuya?"

"Akwai shagunan da ba sa sayar da komai sai irin wannan. Yagaggiyar riga ta fi lafiyayya tsada."

"Wa ya mutu musu?"

"Ba wanda ya mutu, Iya, don Allah ki yi shiru."

Ɗaya daga cikinsu ta zo ta tsaya a kaina. Siririya ce, fuskarta fara fat kamar an shafa alli, leɓe baƙi, ido zagaye da baƙi kamar ta juye tandun kwalli gaba ɗaya. Baƙi da fari, sai na sa mata suna Hankaka a raina. Ta ɗaga hannu ta kama ƙarfen motar, hannun rigarta ya zame.

Ga shi nan a tsintsiyar hannunta. Baƙar fatar da ta sha zufa har ta yi sheƙi. Jan zare da baƙi, sawun ƙadangare. Ga ɗan wurin da basillar Malam ta goce ya maimaita huda, ina zaune ina riƙe masa fitila ranar. An yanke shi. Yanka ɗaya, na wuƙa mai kaifi, an haɗa bakin da fil biyu.

Ban san lokacin da na cafke hannun ba. Abokanta suka yi ca, wani ya matso sarƙarsa tana kaɗawa, Bilki tana ba da haƙuri da Turanci. Ni ban saki ba. Na kalli yarinyar, na nuna kambun, na buga ƙirjina.

Hankaka ta daina fizga. Ta ƙura mini ido, ta dubi tsagar fuskata, irin wadda take fuskar Bahago, ta daɗe tana dubawa. Sai ta ɗaga wa abokanta hannu, ta yi wa Bilki magana.

"Me ta ce?"

"Wai ki biyo ta. Wai akwai inda za ta kai ki." Bilki ta riƙe mayafina. "Iya, kada ki je. Dakta zai kashe ni. Ba a bin mutanen nan."

"Tambaye ta, mai abin nan yana raye?"

Amma motar ta riga ta tsaya, Hankaka ta fara sauka, ni kuma hannunta yana cikin nawa. Na ji Bilki tana kiran sunana ta taga har muryarta ta ɓace.

Mun yi tafiya a wani dogon titi, iska tana yanka. Hankaka ta ga haƙorana suna haɗuwa, ta tuɓe rigarta ta fata mai nauyi, mai ƙusoshi a kafaɗa, ta ɗora mini a kan mayafi. Ku yi dariya in kun ga dama. Tabawa ta ratsa Landan cikin rigar 'yan fank, kuma na gode wa Allah da na samu. Na shinshina fatar, ta saniya ce, jimar ba laifi.

Wani shago ta kai ni, ba shi da faɗi. An shafe gilashinsa da baƙin fenti. Tun daga waje ake jin kiɗansu, kamar an tara maƙeran gari suna dukan tasa ɗaya, wani yana ihu a kai kamar ana cire masa haƙori. A ciki an tsayar da mutum-mutumi marasa kai, an sa musu riguna masu hoton ƙoƙon kan mutum, an ɗaure musu ƙafa da ɗamara. Sarƙoƙi na reto daga rufi. Wata mata mai jan gashi tana zaune tana yanka sabuwar riga da almakashi, da gangan, tana jefa wa masu saye suna wawaso. Wari na taba da giya da danshi. Na yi a'uziyya a raina, na ce in nan ne ya ƙare, to mummunan wuri ya ƙare.

Sai na ɗaga kai na ga bangon.

Daga sama har ƙasa, kambuna ne a rataye. Baƙaƙe, da jan zare. Duk a buɗe, bakinsu a rabe. A gidanmu kowane ɗaya a cikinsu gawa ce. Na ji kamar an kwashe mazan zuriyarmu tun daga kakan kakana an jera mini a bango ɗaya.

Amma hannun baduku ba ya zama. Na miƙa na ciro ɗaya. Sabo ne fil, ba zufa a jikinsa. An sa masa maɓallin ƙarfe da ƙusoshi. Na matsa cikinsa, fanko ne, ba aya ko ɗaya. Na bi ɗinkin da babban yatsa. Sawun ƙadangaren yana nan, amma ya karkata, daga dama yake gangarowa. Duk gidanmu mutum ɗaya ne ɗinkinsa yake kwanciya haka, kuma Malam ya yi duka ya gaji bai miƙe ba. Rinin ma bai gama bushewa ba, ya baƙanta mini yatsa.

Hankaka ta ɗaga wani baƙin labule. Matakala ce mai gangarawa ƙasa.

Tari na fara ji kafin in gan shi. Tari mai zurfi, irin wanda yake fitowa daga ƙasan ƙirji. Ɗakin ba taga, bango yana tsatsafo da ruwa, ƙwan lantarki ɗaya yana reto. Yana zaune a ƙasa a kan buhu, ya tanƙwashe ƙafa yadda ubansa yake yi, fata a gwiwa, basilla a hagu. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo.

Ya ɗago. Basillar ta faɗi.

"Goggo."

Na juya fuskata ga bango, kamar yadda na saba. Na ce wa bangon, "A tambayi mai ɗakin nan, mutanen gidansu sun yi masa laifi ne?"

"Goggo, ki zauna. Yaya aka yi kika..."

"A tambaye shi."

Ya durƙusa. Ya yi ta magana, tari yana katse shi. Ciwon ya kwantar da shi, jarrabawa ta wuce, aka sallame shi. Takardun zamansa suka mutu, in ya fita a kama shi. Ya kwana a tashoshi. Yarinyar nan ce ta gan shi a bakin titi yana gyara wa wani takalmi, ta ga kambun, ta kawo shi wurin mai jan gashi. Suka ce in zai yi musu irinsa, ga ɗaki ga abinci.

"Da kiɗa aka raka ni, Goggo. Da wane ido zan sauka a tashar Gumel?"

"Wa ya yanke?"

Ya sunkuyar da kai.

"Na ce wa ya yanke?"

"Ni ne. Ina so in ga yadda Baba ya naɗe bakin ta ciki. Ban taɓa ayoyin ba, wallahi suna nan. Da na gama sai yarinyar nan ta ce tana so, ni kuma ba ni da abin da zan ba ta." Ya share baki. "Na san Baba zai yi fushi. Ki ce masa..."

A nan na juyo. Karo na farko tun yana cikin zanen goyo, na kalli tsakiyar idonsa. Idon Malam ne sak.

Na ce, "Wanda ya ɗinka shi ya riga mu, tun damina. Kullum yana tambaya ko an kawo, ina ce masa ba a kawo ba. Ashe kai ka yi wa kanka wankan gawa kana zaune."

Ya kifa kai a buhun. Ban rarrashe shi ba. Na bar shi ya yi har ya gama, kiɗan sama yana girgiza ƙurar rufi a kanmu. Hankaka tana tsaye a matakala, ba ta jin ko kalma, amma baƙin idonta ya fara gangarowa a kan allin.

Na ce, "Tashi mu tafi gida."

"Ba yanzu ba, Goggo. Bari in samu abin da zan riƙo. Bari ƙirjin nan ya sake ni. Bazara mai zuwa, in sha Allahu."

Na san wannan muryar. Da ita ubansa yake cewa gobe zai je asibiti. Na dubi bangon da ke zubar ruwa, na dubi tsumman da yake tari a ciki yana saurin ɓoyewa a ƙarƙashin cinya. Da ina da ƙarfin da zan saɓa shi a kafaɗa, da na saɓa. Ba ni da shi. Abu ɗaya nake da shi.

Na miƙa wa Hankaka hannu. Ta gane. Ta ɓalle fil ɗin, ta ɗora kambun a tafina da hannu biyu. Na zauna a kan buhun, na ɗauki basillarsa, na zaɓi jan zare da baƙi.

"Miƙo hannun."

Na naɗe masa riga. Ban taɓa taɓa damtsen nan ba tun yana jariri. Zafi rau, ƙashi da fata. Kambun da Malam ya ɗinka cif, yanzu sai da na rage kusan faɗin yatsa biyu kafin ya zauna. Na yi bisimilla na fara. Na bi tsohuwar hudar Malam ɗaya bayan ɗaya, inda ya goce ni ma na goce, na rufe bakin ta ciki yadda ba mai buɗewa.

"Goggo, ya matse."

"Haka nake so."

Na yanke zaren da haƙori. Sannan na ce, "Yanzu ka juya mata maganata da harshensu. Duka. In ka rage zan gani a fuskarta."

Na dubi Hankaka na ce, "'Yar nan, wannan ba ado ba ne. Ba ya fita daga jikinsa yana numfashi. Ranar da Allah ya karɓi abinsa, in kina kusa, ke za ki sa wuƙa ki yanke, ki ƙunshe a tsumma, ki aika Gumel ta hannun Alhajin fata. Ba sai kin haɗa da magana ba. Zan gane."

Ya fara juyawa, ya tsaya a tsakiya. Na ce, "Ƙarasa." Ya ƙarasa. Na ga lokacin da maganar ta isa gare ta, don ta dubi tsintsiyar hannunta inda abin ya zauna, ta goge wurin da ɗaya hannun. Ta durƙuso gabana, sarƙoƙinta suna taɓa ƙasa, ta ce, "Gumel." Ta sake cewa, "Gumel," har sai da na gyaɗa kai. Na kwance bakin zanena na ciro tanduna na kwalli, wanda na ɗinka da hannuna, na ba ta. Na ce ya gaya mata wannan ya fi abin da take shafawa, kuma ba ya zuba in an yi kuka.

Ita ta mayar da ni gidan Bilki. A ƙofa na tuɓe mata rigarta. Dakta ya je shagon daga baya da magani a jaka, ya dawo ya ce ya ba shi, bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba. Ranar da zan taso Bahago bai zo ba. Ban sa ran zai zo ba, mai tsoron titi.

Da na sauka a Gumel mata suka cika gida, har da ƙanwata daga Gagarawa, kowa idonsa a kan ƙunshin kayana. Na kwance komai a gabansu a tsakar gida, ɗaya bayan ɗaya, na kakkaɓe zannuwan. Na ce, "Kun gani? Yana nan. Yana aikin ubansa, Turawa suna layi."

Bazarar ta zo ta wuce. Bayan shekara biyu wani ɗalibi ɗan Maigatari ya je ya nemi shagon da kwatancen Dakta, ya ce ya tarar ana sayar da fitilu a wurin, ba wanda ya san mai jan gashi, ba wanda ya san wani baduku. Ƙannen Malam suka zo daga Sule Tankarkar suka zauna a zaure, suka aiko a gaya mini lokaci ya yi da za a yi masa sadaka a fitar da rai. Na ce a tambaye su, an kawo musu wani abu ne da ni ba a kawo mini ba? Suka tashi. Sun sake dawowa, sun sake tashi. Yanzu duk sun mutu, ni ina nan.

Kuna ce mini wai yarinyar ta manta, ko ita ma ta mutu, ko ta aiko ya ɓace a hanya. Ba ku ga yadda ta durƙusa ba. Ni na gani. Alhajin fata ya rasu, na sa 'ya'yansa sun riƙe akwatin gidan waya ba su rufe ba. Duk wanda ya yi sallama a ƙofar nan da ɗan ƙunshi a hannu, ba fuskarsa nake fara kallo ba, girman ƙunshin nake aunawa. Goro ne, sabulu ne, maganin ido ne.

Har yau ba a kawo ba.